Shekarar da na Kai MP3 Ɗakin Takaba

Na san kun sha jin maganar nan a bakin 'yan uwa, musamman idan an haɗu wurin suna ko biki aka shiga tsokanar juna. Wasu su ce babanku ne ya shigar da abin kiɗa gidan mutuwa, wasu su ce a kan haka aka tashe shi daga jan baƙi. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye muku ba, sai dai gaskiyar ba ta cika ba. Shi ya sa na ga ya dace in ware wa shekarar nan babinta, tun ina iya tuna yadda abubuwa suka biyo juna. Inda na manta zan ce na manta, inda kuma zato nake yi zan faɗa muku zato ne, domin biyu daga cikin mutanen da zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin da za su gyara mini.

Malam, kakanku, ya rasu ne a farkon damina, ana tsakiyar noman fari, gero bai fi taƙi ba. Gidanmu na ƙauye, can gefen Makoɗa, kun san shi, amma a lokacin bai rabu ba kamar yadda kuka tashi kuka gan shi. Gida ɗaya ne mai sassa biyu, na Malam daga gabas, na ƙaninsa Baffa Ilu daga yamma, rumbuna da turken dabbobi a tsakani. A zauren Malam magidantan ƙauyen da na maƙwabta suke ɗaukar karatun littattafai, daga an idar da sallar asuba har rana ta ɗaga, sannan kowa ya saɓi fartanya. Ɗalibi ya karanto Larabci kaɗan, Malam ya fassara masa da Hausa, ya sake karantowa, ya sake fassarawa, haka kowace safiya in ban da Alhamis da Juma'a. Ɗakin Inna, kakarku, bangonsa ɗaya da zauren nan. Bayan an share makoki Baffa ya gaji karatun, ya kuma mayar da shi zaurensa. Hujjarsa ita ce bai kamata maza su riƙa taruwa jikin ɗakin mai takaba ba, kuma har yau ban ga laifin hujjar ba.

Dole in yi muku bayanin yadda nake da Inna, don ku da kuka tashi kuna hawa cinyar mahaifiyarku kuna gardama da ita ba lallai ku gane ba. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, ba ta taɓa duban fuskata kai tsaye ina kallo ba. Idan zancena ya kama dole, sai ta ce “wancan” ko “yayanku”. Gaisuwata daga bakin ƙofa take, in durƙusa bayan labule in ce ina kwana, ta amsa da lafiya, shi ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta taras ana yi, haka ta riƙe. Ranar da na dawo daga jami'a da takardata, mata suna guɗa a tsakar gida, ita shigewa ɗaki ta yi ta saki labule. Da yamma aka kawo mini fura da nono wadda ba a taɓa dama mini irinta ba, ba wanda ya ce daga ina take, ni ma ban tambaya ba.

A shekarar ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta gwamnati wajen Gezawa. Can nake kwana, sai ranar Juma'a da yamma in hau babur in zo gida, in koma Lahadi. Ƙanwata Rakiya, gwaggonku, ita ta baro ɗakin mijinta ta zo taya Inna zaman takaba. Mai takaba ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita, wata huɗu da kwana goma. Rediyon Malam ma an naɗe shi a cikin zane an ɗora bisa akwati, don kada a jiyo kiɗan da ake sakawa tsakanin shiri da shiri yana tashi daga gidan da aka yi rashi. Makonnin farko ban lura da komai ba sai rama, na kuma ɗauka ramar mutuwar miji ce wadda kowa ya sani. Rakiya ce ta tare ni wata Asabar a bakin rumbu, tana tsinke rama a faifai.

“Yaya, kana ganin Inna kuwa?”

Na ce, “Ta ina zan gan ta? Ai kin san iyakata labule.”

“To ba ta cin abinci. Tuwo yadda na kai haka nake ɗaukowa. Kuma da an yi sallar asuba sai ta ja tabarma ta jingina da bangon nan, ta kafa masa kai, har hantsi. In na yi mata magana sai ta ɗaga mini hannu, kamar ina katse wani abu.”

“Ko ciwon baya ne? Wataƙila sanyin damina ne, a nemo mata man shafawa.”

Ta ajiye faifan ta dube ni. “Wane ciwon baya? Karatu take jira. Tun tana amarya take jin karatun Malam ta bangon nan, tana damu tana ji, tana kaɗi tana ji. Yanzu bangon ya yi shiru.”

Na koma makaranta da maganar a raina. A ɗakin malamai akwai wani abokin aikina, Malam Bala mai koyar da wasanni, mutum mai barkwanci, kullum da wani ɗan abu rataye a wuyansa, bai fi girman babban yatsa ba, da siririyar waya mai rassa biyu da yake cusawa a kunne. MP3 ake ce masa, wayar kuma iyafis. A lokacin wayoyin hannu masu ɗaukar waƙa ba su wadata a wurinmu ba, don haka abin yayi ne a tsakanin samari. Ni kaina na sha ƙwace irinsa a hannun ɗalibai a aji. Ranar na tambaye shi ko ban da waƙa abin yana yin wani aiki. Sai ya danna wani wuri ya ce in ci gaba da magana. Na yi 'yar maganata, ya sake dannawa, ya cusa mini iyafis ɗin. Sai na ji wani mutum a cikin kaina yana cewa, “Ni dai ban sani ba, amma ina ganin kamar wataƙila…” Malam Bala ya faɗi kan benci yana dariya.

“Ka ji kanka ko, Malam Sa'idu? Haka muke fama da kai a taron malamai.”

Ban yi dariya sosai ba, don tuni tunanina ya tafi gida. Ga abu mai ɗaukar murya, mai shiga ƙarƙashin mayafi, ba mai jin sautinsa sai wanda ya saka a kunne, batir ɗaya ɗan siriri ya ishe shi. Rakoda mai kaset ba za ta yi ba, don duk gidan sai ya ji, har maƙwabta. Na ce a raina, idan aka ajiye wannan a gaban Baffa yana ba da karatu, aka kai wa Inna, ai bango ya dawo da magana. Amma kun san ni. Kafin in isa ɗakina na riga na samo wa shawarar matsaloli. Shin ya halatta ga mai takaba? Shin ba zai cutar da kunnen dattijuwa ba? Me za a ce idan aka ga ɗan Malam, wanda ke ƙwace abin nan a hannun yara, ya saye shi da kuɗinsa? Na tambayi malamai biyu da na amince da su, ɗaya a Gezawa ɗaya a birni, kowanne ya ce bai san abin da ya hana mace mai takaba sauraron ilimi a cikin ɗakinta ba. Na tambayi wani ma'aikacin asibiti batun kunne, ya ce a rage sauti kawai. Saura mutum ɗaya, kuma shi ne mai gidan.

Na iske Baffa a gona, ana maimai, yana zaune gindin ɗorawa yana duba masu aiki. Baffa gajere ne mai kaifin harshe, amma ba mugu ba ne, ina son ku riƙe wannan. Na gaishe shi, na zagaya, na sake zagayawa, har ya gaji.

“Sa'idu, in aure za ka ƙara faɗi, in rance ne babu.”

Na yi masa bayanin abin da yadda yake aiki, na ce ina neman izini in riƙa ɗaukar karatunsa na safe ana kai wa Inna. Ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya saka riga a baibai ya shigo masallaci.

“Muryata?”

“I, Baffa.”

“A cikin kunnen matar yayana, tana cikin idda, ita kaɗai a ɗaki, ba mai jin abin da nake ce mata?” Ya tafa hannu. “Kai, yaron nan, boko ya kai ka inda ka manta garinku? Kafin la'asar an gama yi da ni a bakin rijiya. Za a ce ƙasar kabarin Malam ba ta bushe ba Ilu ya fara aika wa matarsa saƙo. Ka san hukuncin neman aure a cikin idda ko in karanto maka?”

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk lissafin da na yi, na kunne da na halacci da na surutun mutane a kaina, ban lissafa wannan ba, kuma ya fi su duka nauyi. A wurinmu ba baƙon abu ba ne ƙani ya auri matar yayansa bayan ta fita takaba, don haka zargin yana da inda zai tsaya. Kunya ta rufe ni. Na ce ya yi haƙuri, na janye maganar muryarsa. Sannan, ban san inda na samo ƙarfin halin ba, na ce, “To idan karatun wani ne daban fa?”

“Ko na wane ne. Abin da 'yan acaɓa ke toshe kunne da shi suna kaɗa kai, mota na yi musu oda ba sa ji, shi za ka kai ɗakin takaba? Wa zai leƙa ciki ya tabbatar karatu ne? Mutane abin da ido ya gani suke faɗa. Gidan nan gidan ilimi ne tun kakanka.” Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. “Ba zan yi ta ja da kai ba, kai ma magidanci ne. Amma ranar da ya shigo gidan nan, ka nemi wanda za ka ja wa baƙi da azumi, ba ni ba.”

Ga abin da wannan magana take nufi gare ni. Duk watan azumi ana tafsiri a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Malam yana fassara, ni nake zama a gefensa ina jan baƙi, wato in karanto ayar da murya shi kuma ya yi bayaninta. Malam da kansa ya zaunar da ni a kan tabarmar jan baƙin, shekarar da na gama jami'a, a daidai lokacin da ake cewa ɗan Malam ya tafi boko ya ɓace. Tabarmar nan ita ce amsar da ya ba su, bai ƙara da ko kalma ɗaya ba. Ban mallaki wani abu a ƙauyen nan da nake ji da shi kamarta ba, kuma a shekarar da ya rasu na fi kowace shekara son in zauna a kanta. Azumi kuwa yana tafe kafin Inna ta fita takaba.

Haka na shiga jeka-ka-dawo da zuciyata. Na shiga birni na je layin masu sayar da kayan waya, na sami wani mai shago, ya fito mini da kala-kala. Na ɗauki wani baƙi marar ado, na juya shi, na tambayi yadda ake ɗaukar murya, na tambayi yadda ake gogewa, na tambayi ko yana lalacewa da danshi, sannan na ajiye na ce zan yi shawara. Bayan mako guda na koma na sake yin haka. Zuwana na gaba mai shagon yana hango ni ya ɗauko shi ya ɗora bisa teburi.

“Malam, ga mutuminka nan, lafiyarsa ƙalau. Yau ma gaishe shi ka zo yi?”

Ranar ma gaishe shi na yi. Ina ta gaya wa kaina wataƙila Inna za ta warware da kanta, wataƙila Rakiya ta faɗi abin da yawa, wataƙila Baffa zai sauko. Akwai kuma matsalar abin da zan saka a ciki. Masu tura karatu a kasuwa suna da wa'azin malaman birni iri-iri, na saurari wasu, duk da lasifika ne, da ɗaga murya, wasu ma raddi suke yi wa juna. Ba shi Inna ta saba ji ba. Ita karatun zaure ta sani, a hankali, gaɓa-gaɓa, Larabci kaɗan Hausa kaɗan.

Abin da ya yanke mini shawara ƙaramin abu ne. Wata Asabar da safe, gero ya fara fitar da kai, na durƙusa bayan labule na gaishe ta. Sai da na maimaita kafin in ji amsa, ita ma da ƙyar. Ina nan durƙushe na ji tana tambayar Rakiya ko yau Alhamis ce. Rakiya ta ce Asabar ce, ba ga yayanmu nan ya zo ba. Sai Inna ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da Rakiya ba:

“Ni tun da Malam ya tafi kullum Alhamis nake gani.”

Na tashi na fita bayan gida na tsaya cikin gyaɗa. Rakiya ta biyo ni. Na gaya mata duk yadda muka yi da Baffa, da batun cewa ban sami karatun da ya dace ba.

Ta ce, “Kai fa? Ba a gaban Malam ka sauke littattafan ba?”

“Ni? Rakiya, matar da ba ta iya amsa gaisuwata da kalma uku, ita za ta zauna tana sauraren muryata?”

“Ai ba ganin ka za ta yi ba. Bangon ma da take jingina da shi ba ta ganin wanda ke bayansa.”

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na shiga birni na saye shi. Mai shagon har da yi mini barka. Na sa ya goge waƙoƙin da suka zo a ciki, na tsaya na duba da kaina na tabbatar ba abin da ya rage. Sannan na ɗauko littafin fiƙihun da na karanta a gaban Malam, wanda gefen shafukansa duk rubutuna ne na ƙuruciya, na shiga wani aji da ba kowa, na rufe ƙofa. Ni ne ɗalibi ni ne malami: in karanto Larabcin, in numfasa, in fassara. Na yi tunanin in kwaikwayi muryar Malam da irin gyaran muryar da yake yi kafin ya fara, sai na ga wannan zalunci ne, na bari. Rufin ajin kwano ne, ruwa ya sha sauka ina tsakiyar babi ya cinye muryata, in goge in sake. Wani lokaci awakin unguwa su zo jikin taga su yi ta kuka, wannan kam na bar su a ciki, don zauren Malam ma ba ya rasa su.

Abu ɗaya da nake alfahari da shi, kuma ina so ku sani, shi ne ban shigar da shi gidan a ɓoye ba. Ranar Juma'a da na iso, kafin in shiga sashenmu, na wuce zauren Baffa, na durƙusa, na fito da shi daga aljihu na ajiye a gabansa. Na ce karatun fiƙihu ne a ciki, da muryata, idan yana so ya saurara ya ji. Bai taɓa shi ba.

“Ka ji abin da na ce maka a gona?”

“Na ji, Baffa.”

“To shi ke nan. Ɗauki kayanka.”

Sauran labarin daga bakin Rakiya na ji shi, don ni iyakata labule. Ta ce ta cusa wa Inna iyafis ɗin ta ƙarƙashin mayafi ta kunna. Ana yin bisimilla Inna ta gane muryar, ta fizge wayar ta ce a ɗauke mata abin nan. Rakiya ba ta ɗauke ba, ta ajiye shi a bakin gado ta fita. Washegari da safe tana wanke-wanke ta ji an kira ta. Ta shiga ta iske Inna jingine da bango, wayar a kunnenta, tana juya abin a hannu.

“Ke, wannan abin naku ya aka yi ya ƙi magana?”

Rakiya ta nuna mata inda ake dannawa. Ranar, in ji ta, har rana ta ɗaga Inna ba ta motsa ba, da ta cire kuma ta tambaya ko akwai sauran koko. Ba zan ce muku MP3 ne ya warkar da ita ba, don ni ba likita ba ne, kuma baƙin ciki yana da lokacinsa na sauka ko da shi ko babu shi. Iyakar abin da na sani shi ne daga makon nan kwanon tuwo ya fara dawowa an ci wani abu a ciki. Duk Juma'a in karɓi abin ta hannun Rakiya, in shiga ɗakina in ƙara karatu, in mayar kafin in tafi. Saƙo kuma ya fara fitowa daga ɗakin, ko da yake ba a taɓa cewa nawa ne ba. Na farko shi ne, a gaya wa mai karatun nan an wuce babin tsarki tun bara, Malam a zakkar amfanin gona ya tsaya. Na biyu ya fi shi zafi, Rakiya tana isar da shi tana danne dariya.

“Ta ce mai karatun ya rage cewa wataƙila. In ya sani ya faɗa, in bai sani ba ya je ya tambayo.”

Na rage, a cikin karatun dai. Inda na yi shakka sai in tsaya in bincika kafin in danna.

Azumi ya zo, Baffa ya cika maganarsa. Ranar farko ta tafsiri na fito da wuri kamar yadda na saba, na iske ɗansa Habu zaune a kan tabarmar. Habu yana da murya, ba zan rage masa ba. Na nemi wuri a cikin jama'a na zauna. Wani dattijo da ke kusa da ni ya matsa mini, ya ce cikin raɗa, “A'a, Malam Sa'idu, yau a nan?” Na ce masa i. Ina jin idanun mutane a ƙeyata, ina kuma jin ayoyin suna zuwa bakina kafin Habu ya kai gare su. Ban fasa zuwa ba duk ranar da nake gari, don ban so a ce na yi fushi. A cikin mata kuma maganar da Baffa ya hango ta fito, aka ce ɗan boko ya kawo wa uwarsa waƙoƙin fim tana ji a cikin takaba. Wannan ta yi mini ciwo fiye da tabarmar, don ita ta shafa, ba ni ba. Na ce wa Rakiya ko a dakatar har a fita takaba. Ta ce in je in karɓo da kaina in na isa.

Ban sake zama a jan baƙi ba, ba a shekarar ba, ba a bayanta ba. Baffa bai mayar da ni ba, ni kuma ban roƙa ba. Kada wani ya ce muku mun yi gaba. Shi ya yi wa ɗan'uwanku Aminu huɗuba da aka haife shi, ni na kai shi asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Mutum ne da idan ya faɗi magana ba ya haɗiye ta, kuma abin da ya ji wa tsoro ya faru, an yi surutun. Har yanzu idan azumi ya kama na ji ana jan baƙi, sai tabarmar nan ta faɗo mini a rai. Amma da za a mayar da ni shagon nan a sake ajiye mini abin bisa teburi, ina ganin, a'a, na tabbata, zan saya, kuma ba zan yi ta zuwa gaishe shi ba.

Inna ta fita takaba bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai. Aka yi waina da gumba na sadaka, mata suka cika ɗakinta da tsakar gida, ta yi wanka ta saka sabon zane, aka zizara mata kwalli. Da hantsi na shigo in yi mata barka, na durƙusa bayan labule ina jiran surutu ya lafa. Rakiya ta gan ni, ta ce, “Ga Yaya nan,” don haka Inna ta san ina wurin. Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Iya Asabe, matar Baffa, wadda ba ta iya barin magana a cikinta, tana ce wa Inna:

“Ni kuwa Yaya, yau dai tun da an fita, ki gaya mana. Wannan abin da kike cusawa a kunne, me ke cikinsa? An ce har da kalangu.”

Na ji motsin mayafi, sannan Inna ta ce, “Ungo, saka ki ji kalangun.”

Aka ɗan jima. Iya Asabe ta ce, “La ilaha illallahu. Ai karatu ne. Har da akuya.” Mata suka fashe da dariya. Da dariyar ta lafa ta sake cewa, cikin tsokana, don ta san muryar sarai, “To wane malami ne wannan? Ɗan wane gari ne?”

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Na san ba za ta faɗi suna ba, ban kuma so a matsa mata a gaban mutane.

Inna ta ce, “Wani ne da Malam ya koyar.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ya riƙe. Ban ji inda ya zubar ba.”

Ina da shekara arba'in da ɗoriya a ranar, da mata da 'ya'ya, kuma wannan ne karo na farko da na ji ta faɗi wani abu a kaina da kunnena. Na kasa yin barkar da ta kawo ni. Ina nan durƙushe ta ɗaga murya kaɗan, yadda zai wuce labule.

“Rakiya, ki ce wa wancan batirin ya yi sanyi, kuma ba a gama babin ba.”

Na miƙe na tayar da babur, na tafi Makoɗa neman batir.